Man da ake haɗawa da maganin ciyawar masara: na gwada shi damina biyu a Ejura

Jama'a Assalamu alaikum. Tun kwanaki wasu 'yan uwa a nan Aboabo suke tambayata batun man nan da ake zubawa cikin maganin ciyawa, wanda masu shago suke ce ma sitika, wai da gaske yana aiki ko dai dabara ce ta cin kuɗin manomi. Kullum sai ince bari in samu lokaci, toh yau na samu, kuma zan faɗi abin da idona ya gani ne a gonata, mai daɗi da mara daɗi.

Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi amma ina da gona eka shida a wajen Ejura, Kawuna ne yake zaune can yake duba min, ni kuma duk sati biyu nake hawa mota ta hanyar Mampong inje. Masara muke yi, yawanci Obatanpa, wani lokaci Abontem in mun makara tunda ita tana saurin nuna. Duk wanda ya taɓa noma a yankin nan ya san abin da yake cinye riba ba taki kaɗai bane, ciyawa ce, musamman gyazama, ciyawar nan mai ƙaiƙayi da in ka barta sati uku sai ta fi masarar tsayi, in ka shiga cikinta kuma hannunka da wuyanka duk su yi ta zafi. Ga harkiya, ga tuji, ga balasa a inda ƙasa take da laima. Da can 'yan baidei muke ɗauka suyi noma da fartanya, yanzu samunsu ma aiki ne, in ka samu kuma kuɗin da zasu faɗa maka sai ka zauna tukun. Shi yasa kowa ya koma feshi.

Yadda akai na san man nan, wata shekara ne a babbar damina, mun shuka a Afrilu ruwa ya sauka da kyau masara ta tsiro, sai ruwan ya ɗauke kusan sati biyu, ciyawa kuma ta riga ta fito. Yaron da yake mana feshi yayi feshi kaman yadda ya saba, mukai ta jira, ciyawar tayi ɗan ja-ja a baki sai ta miƙe abinta. Kawu ya bugo min waya yace, ɗana, maganin nan da ka aiko jabu ne. Nima na yarda jabu ne, na ɗauki sauran na koma shagon da na saya a wajen Kejetia da faɗa a bakina. Wani dattijo ne a shagon ranar, bai biye min ba, yace Alhaji zauna, yaushe rabon gonar da ruwa ranar da kuka fesa? Nace kwana goma ko fiye. Yace toh ba maganin bane, ganyen ne ya rufe ƙofa. Sai ya ɗauko wata kwalba ta lita ɗaya, ruwan ciki kaman man gyaɗa, ya cika kofi da ruwan sashe ya ɗiga kaɗan a ciki ya kaɗa, nan take ruwan ya koma fari tas kaman madara. Yace wannan shi zaka dinga sawa in ana fari.

Bayanin da yayi min, wanda daga baya malamin gona na yankinmu ya ƙara min haske akai, shine ganyen kowace ciyawa yana da wani kaki a bayansa da Allah ya yi masa don kar ruwan jikinsa ya ƙone. Ka duba ganyen gwaza, kontomire ɗinnan da matanmu suke miya da shi, in ka zuba masa ruwa dunƙulewa yake yana gangarewa, ganyen ko jiƙewa baya yi. Haka ciyawa take, kuma in rana tayi zafi ruwa ya ɗauke sai kakin ya ƙara kauri. Toh maganin da ka dama da ruwa zalla in ya sauka akai, wani ya gangare ƙasa, wanda ya tsaya kuma ya bushe kafin ya shiga ciki. Shi man aikinsa biyu zuwa uku ne, yana baje ɗigon akan ganye, yana hana shi saurin bushewa, sannan yana tausasa kakin maganin ya samu hanya. Shi kansa baya kashe komai, in ka fesa shi kaɗai ka yi asarar ruwanka ne kawai.

Kuma ashe kala-kala ne, mu duk sitika muke ce musu. Akwai wanda akai da man fetur da aka tace, zaka ga an rubuta COC a jiki, yawancinsa mai ne kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, sauran kuma sinadarin da yake sa mai ya gauraya da ruwa. Akwai wanda akai da man tsirrai kaman waken soya aka sarrafa shi, shi ake rubuta ma MSO, ya fi na farkon ratsa ganye, kuma ya fi shi saurin ƙona masara in ka wuce ƙa'ida. Sannan akwai wanda ba mai bane sam, ɗan ruwa ne mai kumfa da ake sa kaɗan don ya baje magani kawai. Nawa na farkon ne.

Ban yarda da maganar baki ba, sai da na gwada. Babbar damina ta gaba na tafi da kaina na kwana uku a can. Masara tana ganye huɗu zuwa biyar, ciyawa tana ganye biyu zuwa uku, tsayinta bai wuce ɗan yatsa ba, kuma an kwana takwas ba ruwa. Maganin da muka haɗa atirazin ne na gari da nikosalfuron mai tsaki-tsaki da yake narkewa a ruwa. Na ware layi ashirin a gefen gabas nace a fesa ba mai, sauran kuma da mai, magani ɗaya, awo ɗaya, yaro ɗaya, safiya ɗaya bayan raɓa ta bushe. Na ɗaura jan tsumma a kara a inda aka raba.

Abu na farko da na lura tun ana feshin, na tsuguna na kalli ganyen gyazama a ɓangaren da ba mai, ɗigon yana zaune ƙwaya-ƙwaya akan gashin ganyen, kana taɓa karan sai su zube. A ɗaya ɓangaren ganyen ya jiƙe gaba ɗaya yana ɗan sheƙi kaman an shafa masa man kaɗanya. Wannan da idona na gani ba labari ba.

Masu faɗin ganye sune suka fara nunawa, kwana huɗu zuwa biyar zarangaɗe da 'yan uwansa sun ƙone a inda aka sa mai. Gyazama kuwa sai haƙuri, don nikosalfuron ba irin maganin nan bane da zaka fesa da safe ka ga ƙuna da yamma, shi tsayar da girman ciyawar yake tun ranar farko, sai bayan sati ka ga tsakiyarta tayi rawaya, sai tayi ja kaman shunayya, mutuwa sosai sai sati biyu zuwa uku. Mutane da yawa nan suke kuskure, kwana biyar sai suce bai ci ba su sake fesawa. Da na koma bayan kwana goma sha takwas, wallahi ko ba jan tsumman nan zaka gane layin. Ɓangaren mai ƙasa fes, in ka ja busasshiyar gyazama tsakiyarta zarewa take a hannunka ta ruɓe daga ƙasa. Layi ashirin ɗin nan kuwa ƙananan sun mutu amma waɗanda suka ɗan tasa sun farfaɗo sun fidda sabon ganye daga gindi, sai da muka sa fartanya. Kawu da yake ta cewa kuɗi kawai nake ɓatawa, shi da kansa yace, ɗana, in zaka zo ka taho da kwalba biyu.

Awon da muka bi shine wanda yake jikin kwalbar, kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan, wato famfon goyo mai lita 15 zai ci mililita 150, mai lita 16 kuma 160. Kusan ƙaramin gwangwanin madara kenan da kowa yake awo da shi, amma dan Allah a nemi kofin awo, don gwangwanin wani ya lotse wani an yanke bakinsa. In ka lissafa lita ɗaya tana yin famfo shida da 'yan kai, mu kuma eka ɗaya tana cin famfo huɗu zuwa biyar, kaga kwalba ɗaya kusan eka ɗaya da rabi zata yi. In na haɗa kuɗinsa da abin da zan biya a sake feshi ko a ɗauko masu fartanya, ni dai a wajena ya biya kansa har da ƙari.

Yadda ake damawa ma yana da tsari, yaron namu da can duk juyewa yake lokaci ɗaya. Ruwa rabin famfo tukun, sai na gari ko mai tsaki wanda ka riga ka dama a bokiti ya narke, sai na ruwa, man shine na ƙarshe, sannan ka cika ka girgiza. In ka fara zuba mai kafin garin, garin zai cure ya zama kaman kullun koko da ya yi gudaji, ya toshe maka nozul kana tsakiyar aiki, daga nan sai kaga yaro ya cire yana hurawa da baki, abin da yake tada min hankali kenan duk sanda na gani.

Yanzu bari in zo inda ya cuce ni, don in ban faɗa ba ban yi adalci ba.

A ƙaramar damina ta shekarar, wajen ƙarshen Satumba, na koma shagon ban tarar da dattijon ba sai wani matashi. Irin maganin da na saba ya ƙare, yace Massa ga sabo ya fi kyau, an riga an haɗa biyun a kwalba ɗaya, ruwa ne mai kauri. Nace toh a bani da man nan nawa, ya miƙo min ya karɓi kuɗi ta momo, wato ta waya, bai ce min uffan ba. Lokacin kuma tsutsar nan ta masara da ta addabe mu tun 2017 ta fara cin ganye, akwai sauran maganin ƙwari a ɗakin Kawu mai kulofirifos a ciki, sai yaron feshi yace tunda tafiya ɗaya ce a haɗa duka a huta, Kawu ya yarda don rage kuɗin aiki. Suka fara wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana tana tsaka.

Bayan kwana huɗu Kawu ya turo min hoto a WhatsApp, gabana ya faɗi. Da naje, wajen eka ɗaya da rabi da suka fesa ranar, ganyen masara yayi fari-fari da rawaya daidai inda yake fitowa daga tsakiya, bakin ganye ya ƙone, wasu sabon ganyen ya nannaɗe ya kasa buɗewa kaman an murɗe shi. Na tsaya a bakin gona na kasa magana. Allah ya taimaka ruwa ya sauka bayan kwana biyu, muka bi da taki, yawanci ta farfaɗo, amma har girbi wannan ɓangaren bai kamo sauran ba, gajere ne kuma goyon ƙanana.

Malamin gona da na kai masa kwalaben ya jera su a ƙasa ya nuna min laifi uku. Na ɗaya, sabon maganin an rubuta OD a ƙarshen sunansa, ma'ana a cikin mai aka dama shi tun daga kamfani, baya buƙatar wani mai, toh mun ɗora mai akan mai. Na biyu wanda yace shi ya fi muni, nikosalfuron baya shiri da magungunan ƙwari dangin kulofirifos. Dalilin da yasa maganin yake kashe gyazama ya bar masara alhali duk dangin ciyawa ne, ita masara jikinta yana saurin narkar da shi kafin yayi mata illa, toh wannan maganin ƙwarin yana rage mata wannan ƙarfin, sai maganin ciyawar ya zauna a jikinta ya fara yi mata abin da yake ma ciyawa, ga mai kuma ya buɗe masa ƙofa. Yace ko ba a famfo ɗaya ba, a bar tazarar sati tsakaninsu. Na uku zafin rana, da kuma yadda yaron yake ɗaga hannu sama feshin yana zuba cikin ƙoƙon masarar maimakon ya sauke shi kan ciyawa.

Ni abin da ya fi ɓata min rai shine shagon. Mutum ya sayi abu biyu a gabanka da kasan basa tafiya tare, kalma ɗaya ta isa. In kuma bai sani ba toh me yasa aka bar shi shi kaɗai a shagon da ake saida guba? Rubutun jikin kwalba da Turanci ne ƙanana kaman ƙwayar gero, yawancin masu feshinmu basa karantawa, mai shago shine malaminsu. Dattijon da na koma na faɗa masa ya bani haƙuri sosai kuma naga abin ya dame shi, shi yasa har yanzu nake sayayya a wajen, amma in ba shi na tarar ba juyawa nake.

Akwai wuraren da man nan bashi da amfani ko kaɗan, gara in faɗa kar wani ya zubar da kuɗi. Feshin da ake yi ranar shuka ko washegari kafin komai ya tsiro, wannan ƙasa maganin yake nema ba ganye ba, abin da yake so laima ce, mai ba ruwansa. Kondem da muke share gona da shi kafin shuka, wato gilaifoset, shi ɗan ruwa ne baya son mai, abin da yake kashe masa ƙarfi ruwa mai laka ne, ka nemi ruwa mai tsabta ya fi maka komai. In kuma akwai 2,4-D a haɗinka masara ta riga ta fito, kar ka kusanto da mai. Sannan mai baya maida magani abin da ba shi ba, aya-aya ɗan kwantar da ita kawai yayi ta dawo tunda 'ya'yanta suna ƙasa, tofa ma haka, wuta-wuta kuwa wannan wani yaƙin ne daban. Ciyawar da ta kai gwiwa ma ka manta, ta wuce, ko ka juye kwalbar duka sai dai ka ƙona masararka. Atirazin da mai ana so ne ciyawa tana ƙarama sosai masara kuma bata wuce santimita 30 ba.

Sai masu zuba man girki ko baƙin mai ko dizal ko garin sabulu, naga haka da idona a gonar maƙwabci. Man girki bashi da abin da zai haɗa shi da ruwa, yana tasowa sama ne, farkon feshin ruwa zalla ƙarshensa mai zalla. Ko wanda ka saya a shago ka gwada shi a kofi kaman yadda dattijon nan yayi, in bai koma fari ba yana yawo ido-ido a sama, maida musu. Ka duba lambar rajistar EPA, wato hukumar kare muhalli, a jikin magungunan da ranar lalacewa, don kwalaben da ake ɗurawa a bayan shago suna nan da yawa a kasuwa.

Wani abu da ban taɓa tunani ba sai da yaron ya nuna min bayansa. Famfonsa yana ɗan yoyo a murfi, da can ruwan in ya zubo masa bushewa yake, amma da mai a ciki rigar manne masa take, fatar tayi ja tana masa zafi har dare. Abin da yake ratsa kakin ganye ba zai ji kunyar fatar mutum ba. Tun ranar na sai masa buut da safar hannu ta roba da abin rufe hanci, na canza robar murfin, kuma na sa doka in an gama a wanke famfo da sabulu sau uku, nesa da rafi, don atirazin yana bin ruwa ya shiga ƙasa, dalilin da yasa ƙasashen Turai suka hana shi kenan tun 2004, mu kuma rafin nan shi mutanen ƙauyen suke sha. In maƙwabcinka yana da wake ko gyaɗa kuma, wanda a Ejura kusan kowa yana da shi, ka duba iska kafin ka fara, ɗan abin da ya tashi ya sauka musu da mai a jiki kamawa zai yi.

Bana mun shuka da wuri ruwa kuma bai yanke ba, ciyawa tana ɗanya shar, na ce ma Kawu kar a sa mai, kuma maganin ya ci lafiya lau ba tare da shi ba. Kwalba ɗaya da rabi tana nan a ɗakinsa a inuwa, na rubuta a jiki da Hausa da babban baƙi cewa ba a haɗa shi da magani mai OD ba a haɗa shi da maganin tsutsa, na kuma ɗaure kofin awon a wuyanta da zare. In Allah ya kaimu ƙaramar damina ruwa ya yi mana irin halin da ya saba, ita zamu buɗe.